Uwa na tsaye, ɗa na kwance: tambayar da ta kai Faith Osier ga lambar yabo

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi, ina shekara ta 3 a karatun likitanci. Kwanan baya malaminmu ya ambaci wata 'yar Kenya, Farfesa Faith Osier, ya ce ta ci kyaututtuka na duniya a binciken garkuwar jiki. Tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Mene ne ainihin abin da ta gano? Wace hanya ta bi har ta kai can? Na faɗa wa mahaifina ina sha'awar bincike, sai ya ce likitan da ba ya duba marar lafiya ba likita ba ne, in gama in kama aiki. Malam, 'yar Maraɗi za ta iya bin wannan hanya, ko kuwa in cire abin a raina?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya yi miki albarka, Ya ƙara wa Baba lafiya. Tambayarki ta faranta mini rai, kuma zan amsa ta da tsawo, don ba ta gajeriyar amsa ba ce.

Kafin mu tafi Kenya, mu shiga ɗakin yara na kowace likita a jihar nan cikin watan Satumba, lokacin da hatsi ya fitar da kai, ruwa ya kwanta a kowane rami. Kin taɓa shiga, na sani. Gado ɗaya yara 2, wani lokaci 3. Ga yaro ɗan wata 18 mai zazzaɓin cizon sauro, jiki zafi rau, ki buɗe tafin hannunsa ki gan shi fari fat kamar takarda, ki ja fatar idonsa ƙasa babu ɗigon ja. Ana neman jijiyar da za a sa masa ƙarin jini. To ɗaga kai ki dubi wadda ta kawo shi. Ta goyo shi tun daga ƙauye, a ɗaki ɗaya suka kwana, sauron da ya cije shi ya cije ta, wataƙila ma ya fi cizon ta. In kika ɗauki jininta kika duba a madubin labo, ba mamaki ki ga ƙwayar cutar a ciki. Amma ga ta tsaye da ƙafarta, ita ke ɗebo ruwa, ita ke wanke zane. Me ke cikin jininta wanda babu a jinin ɗanta?

Rayuwar aikin Faith Osier kaf a kan wannan tambaya ta tafi.

An haife ta a Kenya a 1972. Ta yi karatun likitanci a Jami'ar Nairobi ta gama a 1996, ta yi aiki a babbar likitar Mombasa, sannan a 1998 ta koma Kilifi, wani gari a bakin tekun Indiya inda cibiyar binciken lafiya ta Kenya, KEMRI, ke aiki tare da gidauniyar Wellcome ta Ingila. Ki lura da wannan, ki kuma kai wa Baba: da duba marasa lafiya ta fara. Likitar yara ce cikakkiya, ta ƙware a fannin har ta shiga ƙungiyar ƙwararrun likitocin yara ta Ingila. A ɗakin yara na Kilifi ne ta yi ta ganin irin abin da na kwatanta miki yanzu, har tambayar ta hana ta sakat. Daga nan ta tafi Jami'ar Liverpool ta yi masta a ilimin garkuwar jikin ɗan Adam, sannan ta kammala digirin dakta a jami'ar Open University ta Ingila a 2008. Ki ƙirga da kanki: shekara 12 tsakanin fitowarta likita da samun digirinta na dakta. Babbar lambar yabon farko da ta sa duniya ta san ta, wadda ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta Landan ke ba matasan masu bincike na Afirka a wancan lokacin tare da kamfanin magunguna na Pfizer, sai a 2014 ta zo. Shekara 18 ke nan.

Yanzu ga abin da ta gano. Sai kin ɗan yi haƙuri mu bi ƙwayar cutar cikin jiki, don in ba a san hanyarta ba ba za a gane inda Osier ta tare ta ba.

Macen sauro idan ta ciji mutum tana zuba 'yan ƙwayoyi kaɗan sirara, waɗanda kuke kira siforozoyit a aji. Ba sa daɗewa cikin jini, hanta suke nufa. Can suke ɓoyewa kamar mako guda, mutum na yawonsa bai san komai ba. Kowace ɗaya ta hayayyafa ta zama dubbai, su fashe su fito cikin jini da wata sabuwar siffa, merozoyit. Wannan ita ce mai shiga jar ƙwayar jini. Cikin abin da bai kai minti 2 ba ta manne ta kutsa ta rufe ƙofa. Bayan awa 48 ta zama 16 zuwa 32, ƙwayar jinin ta fashe, su watsu kowace ta nemi sabuwa. Zazzaɓin, rawar ɗarin, ƙarancin jinin, jijjigar da uwaye ke tsoro, duka daga wannan zagaye na cikin jini suke fitowa. Wanda kika gani a madubi kamar zobe mai ɗan dutse a kai, ƙwayar ce tana zaune cikin gidan da ta ƙwace.

Tun 1961 aka samu alamar cewa amsar tana cikin ruwan jinin manya. Masu bincike 3, Cohen da McGregor da Carrington, suka tace sinadaran kariya da kuke kira antikor daga jinin manya 'yan Gambiya, suka sa wa yara masu zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayoyin cutar suka ragu ƙwarai, zazzaɓi ya sauka. Wato kariyar abu ce da ake iya ɗauka daga wannan jiki a kai wancan. Sai kowa ya ɗauka allurar rigakafi ta kusa. Ba ta kusa ba. Da aka karanta dukan tsarin halittar ƙwayar a 2002 aka ga tana iya ƙera furotin fiye da 5,000. Ki kwatanta da ƙwayar ƙyanda, mai furotin da ba su kai 10 ba. A cikin dubban nan, wanne ne antikor ɗin uwa ke kamawa har ya tsare ta? Ga shi kuma ƙwayar na canza kama, furotin ɗin da ke jikin wadda ta kama yaro bana ba lalle ya yi daidai da na baɗi ba.

Shekara da shekaru masu bincike suna ɗaukar furotin ɗaya, su gina allura a kansa, su gwada, ta faɗi. Osier ta bi ta wata hanya. A Kilifi ana ɗaukar jinin yara kafin lokacin zazzaɓi, a adana, sannan a bi yaran wata da watanni a ga wa ya kwanta wa bai kwanta ba. Ta auna antikor ɗin kowane yaro a kan furotin da yawa na merozoyit lokaci guda. A 2008 ta wallafa abin da ta gani: yaron da jininsa ke gane furotin iri-iri, kuma da ƙarfi, shi ya fi tsira, wanda ke gane ɗaya ko 2 kawai bai samu kariyar kirki ba. Tsintsiya ce, ɗiyata. Sili ɗaya ba ya shara. A 2014 ita da abokan aikinta suka ƙara da sababbin furotin da ba a kula da su ba a da, suka nuna haɗa su wuri guda ya fi kowane ɗaya shi kaɗai alaƙa da kariya.

Abu na 2 ya fi burge ni, don ya gyara wani kuskure da aka daɗe a kai. A da, in ana son a san ko antikor na da amfani, sai a zuba shi a kwalba tare da jajayen ƙwayoyin jini da ƙwayar cutar, a ga ko zai hana ta shiga. In bai hana ba a ce ba shi da amfani. To amma cikin jikin mutum antikor ba shi kaɗai yake ba. Siffarsa kamar reshe mai baki 2 ce: da bakunan yake kama ƙwayar cuta, da gindin kuma yake kiran fararen ƙwayoyin jini su zo su haɗiye ta. Kamar yaron da ya ga ɓarawo a kasuwa, ba shi da ƙarfin kayar da shi, amma ya riƙe masa riga ya yi kururuwa. A gwajin kwalba babu 'yan kasuwar da za su amsa kururuwar, shi ya sa aka raina yaron. Osier ta nuna cewa yaran da antikor ɗinsu ya iya sa fararen ƙwayoyi su haɗiye merozoyit sun fi tsira daga zazzaɓi. Daga baya, a wani gwaji da aka yi a Kenya inda manya masu sa kai suka yarda a sa musu ƙwayar cutar da gangan ƙarƙashin kulawar likitoci dare da rana, aka ga wasunsu jikinsu ya danne ta ba tare da magani ba. Da ƙungiyarta ta bincika jininsu, sai ga waɗanda suka danne ta su ne masu antikor da ke iya kiran taimako ta hanyoyi da yawa.

Don aikin ya yi sauri suka ƙera wani ɗan gilashi da suka sa wa suna KILchip, daga sunan Kilifi. An ɗiga furotin fiye da 100 a kansa, ɗigo-ɗigo, da ɗan jini kaɗan sai a ga waɗanda jinin mutum ke ganewa gaba ɗaya. Ta kuma haɗa masu bincike daga ƙasashen Afirka da dama cikin wata haɗaka mai suna SMART, don a gwada jinin mutanen wurare daban-daban da ma'auni ɗaya.

Sauran lambobin yabon suka biyo. A 2016 gidauniyar Humboldt ta Jamus ta ba ta lambar Sofja Kovalevskaja, wadda kuɗinta ke iya kai yuro miliyan 1.65, fiye da sefa miliyar 1 ke nan, ta buɗe ɗakin bincike a Heidelberg ba tare da ta saki Kilifi ba. Kada kuɗin ya ruɗe ki, ba na aljihu ba ne. Na sayen na'ura ne da sinadarai da biyan ɗalibai na shekara 5. A 2019 ta zama shugabar haɗaɗɗiyar ƙungiyar masana garkuwar jiki ta duniya, IUIS, mutum na farko daga Afirka da ya hau kujerar, ta riƙe har 2022. Daga baya ta koma Imperial College ta Landan a matsayin farfesa.

Akwai gaskiyar da ya kamata in gaya miki, don masu ba da labarin irin waɗannan mutane kan tsallake ta. Allurar da ake yi wa yara a yau ba daga aikin Osier ta fito ba. Allurar RTS,S, wadda aka fara aikinta tun 1987 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoban 2021, da R21 ta Jami'ar Oxford da aka amince da ita a Oktoban 2023, duka biyun siforozoyit suke tarewa kafin ya isa hanta. Suna ceton rai, ba shakka: a Gana da Kenya da Malawi, inda aka fara ba da RTS,S tun 2019, mutuwar yaran da suka isa karɓar ta ta ragu da kashi 13 cikin 100. Nijar ma ta fara ba da ita a 2024. Sai dai in siforozoyit ɗaya ya kuɓuce ya shiga hanta, allurar ba ta da ta cewa a kan abin da zai biyo baya cikin jini. Wannan giɓin ne Osier da ire-irenta ke son cikewa, kuma har yau ba a kai ga allurar da ta fito daga furotin ɗinta ta shiga hannun ma'aikatan rigakafi ba. An dai ga haske: wata allurar matakin jini mai suna RH5.1, ta masu binciken Oxford, da aka gwada a Nanoro ta Burkina Faso, ta ba da kariya kusan kashi 55 cikin 100 a sakamakon da ya fito ƙarshen 2024. Fiye da shekara 25 tana kan tambaya ɗaya, kuma aikin bai ƙare ba. Wanda zai shiga wannan hanya ya san da haka tun daga bakin ƙofa.

To, 'yar Maraɗi za ta iya?

Za ta iya. Ba don in faranta miki nake faɗa ba, ga dalilina. Abin da ya sa Kilifi ta zama Kilifi ba gine-gine ba ne tun farko, yara ne masu zazzaɓi da mutanen da suka zauna suka bi su da rubutu shekara bayan shekara. Yaran kuwa, abin baƙin ciki, muna da su. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2023, mutum kusan 597,000 zazzaɓin cizon sauro ya kashe, kuma ƙasashe 4 ne suka ɗauki fiye da rabin wannan adadi: Nijeriya, Kwango ta Kinshasa, Nijar da Tanzaniya. Ƙasarmu ce ta 3.

Kuma an riga an yi bincike mai nauyi a ƙofar gidanku. Cibiyar bincike ta Epicentre ta ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana da reshe a nan Maraɗi. A gundumar Madarunfa aka gwada allurar ɗigo ta rigakafin rotabirus, mai sa jarirai zawo, wadda ke jure zafi ba sai da firji koyaushe ba. Jarirai fiye da 3,500 aka bi, sakamakon ya fito a 2017 a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya, ya nuna ta rage zawo mai tsanani da kusan kashi 67 cikin 100, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Uwayen da suka kawo jariran nan, da ma'aikatan da suka bi su gida-gida, 'yan nan ne. Abin da ke ci mini rai shi ne har yanzu 'ya'yanmu sun fi yawa a wajen ɗaukar jini da cika takarda, sun yi kaɗan a wajen da ake yanke shawarar wace tambaya za a yi wa jinin. Wannan kujerar nake so ki nufa.

Tambayoyin kuwa suna nan jibge, kuma namu ne. Ga ɗaya. A 1996 masu bincike a Burkina Faso suka nuna Fulani sun fi maƙwabtansu Mosi yawan antikor na zazzaɓin cizon sauro, sun kuma fi su ƙarancin ƙwayar cutar a jini, alhali sauro ɗaya ke cizon su. Aka sake ganin haka a Mali tsakanin Fulani da Dogon. Har yau ana tattauna dalilin. Mu da ke da rugage a Dakwaro da ƙauyukan Hausawa dab da su, wa ya fi mu dacewa da bin wannan? Ga wata. Tun 2013 ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin kariya wata-wata lokacin damana, abin da ma'aikata ke kira CPS. Yana tsare su, babu gardama. Amma garkuwar da uwa ke da ita ta samu ne ta hanyar kamuwa sau da yawa. Yaron da aka tsare tun yana jariri, yaya garkuwarsa take ranar da ya cika shekara 5 aka daina ba shi? A wurin da zazzaɓi ke zuwa wata 3 ko 4 ya tafi, kamar namu, amsar ba lalle ta yi daidai da ta bakin teku ba. Sai kuma tamowa: yaron da ya rame, allurar rigakafi na kama jikinsa kamar yadda take kama mai ƙiba? Wa ya kai ma'aikatan jihar Maraɗi sanin yaro mai tamowa da zazzaɓi a lokaci guda? Ban da maganar mai cikin fari, wadda ba ta riga ta samu garkuwa a kan ƙwayar da ke manne wa mahaifa ba, da maganar masu jinin AS, wato waɗanda suka gaji amosanin jini daga ɓangare ɗaya kawai, da ke samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani.

Yanzu wahalar, don kada in sayar miki da rabin labari. Bincike a ƙasarmu yana tafiya ne kan abubuwan da littafi ba ya ambata. Na taɓa tara ruwan jinin yara na damana guda cur, kowace 'yar kwalba da lambarta da na rubuta da hannuna, a injin sanyi mai digiri 80 ƙasa da sifiri. Wuta ta ɗauke ranar Juma'a da dare, janareto bai tashi ba, ba wanda ya kira ni. Ranar Litinin da na buɗe ƙofar, maimakon farin hayaƙin sanyin da ke fitowa, ruwa ne ya zubo mini a ƙafa. Ba asarar aikina ta fi yi mini ciwo ba, uwayen da na zauna da su kan tabarma na yi wa bayani har suka yarda aka soki 'ya'yansu su ne suka tsaya mini a rai. Sai da na jira wata damanar na sake komawa gare su. Tun daga nan kowane samfuri nake raba shi 2 in ajiye a wuri 2. Akwai kuma sinadarin da za ki yi oda ki jira watanni, ya iso zafi ya lalata shi. Akwai takardar neman kuɗin bincike da za ki kwana 40 kina rubutawa a mayar miki da layi 2. Abokan karatunki da suka buɗe kilinik za su riga ki yin mota da gida, wannan ma ki sani.

Amma akwai ranar da za ki zuba ruwan jinin yara a faranti mai ramuka 96, ki wanke, ki ƙara sinadari, ki tsaya kina kallo. Wasu ramukan su fara rinewa, wasu su zauna fari. Ki ɗauko littafinki ki ga masu launin nan su ne yaran da ba su kwanta ba a damanar. A wannan lokacin kin san wani abu game da jikin ɗan Adam wanda ba kowa ya sani ba sai ke. Ban san abin da zan kwatanta shi da shi ba.

Shawarata ta farko, ki gama likitancinki, ki gama shi da kyau. Nan ni da Baba bakinmu ɗaya. Osier ba ta tsallake gadon marar lafiya ba, daga can ta samo tambayarta, kuma likitan da ya riƙe yaro yana jijjiga ba ya yin bincike irin na wanda bai taɓa gani ba. Marigayi Farfesa Ogobara Doumbo na Mali, wanda ya rasu a 2018, likitan karkara ne kafin su kafa cibiyar binciken zazzaɓin cizon sauro ta Bamako a 1992, kuma yaran da ya horar su ke riƙe da fannin a Mali yau. Halidou Tinto, wanda ya jagoranci gwajin R21 a Nanoro, ɗan Burkina Faso ne, a makarantun faransanci ya taso kamar ke. In Baba ya ce wannan hanya ta baƙi ce, ki tuna masa jami'ar Yamai sunan ɗan Tasawa take ɗauke da shi, Abdu Mumuni, wanda ya ƙare rayuwarsa yana binciken hasken rana.

Abu 2 ne ke kayar da ɗalibanmu in sun fita, kuma ba kaifin ƙwaƙwalwa ba ne. Na farko turanci. Kusan duk abin da ake wallafawa a wannan fanni da turancin Ingila ake rubuta shi, da shi ake neman kuɗi, da shi ake tsayawa gaban taro. Ki fara yanzu, kowane mako ki sauke maƙala ɗaya a wayarki ki karanta da ƙamus, ko da kwana 5 za ta ɗauke ki. Ki fara da ta Osier ta 2008. Na 2 lissafin ƙididdiga. Na ga ɗalibai masu hannu mai kyau a labo da ba su iya gane ko bambancin da suka gani na gaske ne ko dace ne kawai. Akwai manhajar kwamfuta mai suna R, kyauta ce, ki koye ta.

Idan lokacin rubuta kundin kammala karatunki ya zo, kada ki karɓi kowane batu don a gama. Ki nemi wanda zai sa ki taɓa samfuri da hannunki. Ki ƙwanƙwasa ƙofar Epicentre a nan, ki rubuta wa cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai ki nemi zaman koyon aiki lokacin hutu. Daga nan hanyoyin masta da dakta suna buɗewa: Bamako, cibiyar Pasteur ta Dakar, cibiyar MRC ta Gambiya, cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Gana, ko Kilifi ɗin kanta. Yawancinsu da tallafin karatu ake shiga, ba da kuɗin uba ba. Kuma ki zaɓi malami kafin ki zaɓi gari. Ki tambayi ɗaliban da suka wuce ta hannunsa: yana sa sunansu a gaba a maƙalar da suka yi wa wahala? Yana amsa saƙo?

Ba ki tambayi maganar aure ba, amma na san tana cikin lissafin gida ko ba a furta ba. Aure ba ya hana bincike, na ga mata da goyo a labo suna aiki fiye da maza. Abin da ke hanawa shi ne a ɓoye maganar sai bayan ɗaurin aure. Duk wanda ya zo, a gaya masa tun farko, gaban manya, cewa akwai tafiyar karatu ta shekara 3 ko 4 a gaba.

Game da Baba kuma, kada ki yi gardama da shi. Tsoronsa na uba ne: ya ga wahalar da aka sha, yana so ya ga kin tsaya da ƙafarki. Ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, cikin malamanki ko danginku, ya zauna da shi. Kuma ki ba shi labarin ɗigon Madarunfa, don abu ne da aka yi a gabansa, wataƙila ma jikokin abokansa na cikin jariran.

Damanar bana, in an tura ku ɗakin yara, ki nemi izinin shugaban ɗakin ki riƙe ɗan littafi. Kada ki rubuta sunan kowa, lamba ta isa. Kowane yaron da gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, ki rubuta watanninsa, ƙauyensu, ko yana kwana cikin sange, ko ya sha maganin wata, nauyinsa, awon jininsa, da kwana nawa ya yi a gida kafin a kawo shi. Ki tambayi uwar kuma yaushe rabon da ita kanta ta kwanta da masassara. In kin kai yaro 100 ki aiko mini mu duba tare. A gaida Baba da kyau.